Kafin ka ce furosesa ta ƙone, koma inda hannunka ya taɓa

Ranar Talatar da ta wuce, bayan la'asar, ɗan yayata ya shigo mini gida rungume da kwamfutarsa ta tebur, idonsa jajir. Aikinsa haɗa bidiyon biki da na walimar sauka, daga nan Mabera har ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato, kuma da wannan kwamfuta yake ci yake ciyar da mahaifiyarsa. Tun shigowar bazara ta fara yi masa nawa, fankarta na ƙugi, wani lokaci ta mutu ana tsakiyar fitar da bidiyo. Sai ya tara kuɗi ya yi odar babbar na'urar sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, daga Legas, irin mai tsayin nan mai bututun jan ƙarfe wadda masu sana'a ke kira kula. Ya cire 'yar ƙaramar da ta zo da furosesar, ya ɗaura sabuwa da hannunsa. Ya kunna, fankoki suka juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Ya kai wani shago, mai shagon ya leƙa na minti biyu ya ce furosesa ta ƙone, wataƙila har da madabod, babban faifan da duk kayan ciki ke zaune a kai, ya yanka masa kuɗin da ya kusa kai na sabuwar kwamfuta.

"Kawu, shi ke nan, na kashe ta da hannuna," in ji shi.

Na ce, "Zauna tukuna. Mi da mi kat taɓa?"

Ya lissafa mini. Na kwantar da akwatin, na sassauta sukurori huɗun da suka riƙe kular, na sake ɗaure su a hankali, na zare ram, ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, na mayar har na ji ya ce ƙyat ta gefe biyu. Muka kunna, tambarin madabod ya bayyana. Duk abin bai kai rabin awa ba.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne wancan hukuncin na minti biyu. Yana ci mini rai, domin ba sau ɗaya na gan shi ba. Furosesar zamani ba ta ƙonewa da sauƙi. A cikinta akwai ma'aunin zafi: in ta kai iyaka sai ta rage gudu da kanta, in zafin ya ci gaba da hawa ta kashe kwamfutar baki ɗaya don ta tsira. Yawancin na kamfanin Intel iyakarsu digiri 100 ce, samfurin Ryzen 7000 na kamfanin AMD kuwa 95. Saboda haka kwamfutar da ke aiki lafiya jiya, yau aka canza mata kula ta ƙi tashi, abu na ƙarshe da ya kamata a zarga shi ne furosesa. Inda hannu ya bi, nan za a koma.

Matsalar ɗan yayata ta cancanci a tsaya a kanta, don ita ce ta fi ruɗa mutane. Mi ya haɗa sukurun kula da baƙin allo? A madabod na Intel, furosesa ba ta da ƙafafu. Kwance take bisa wasu siraran allurai da ke cikin mazauninta, kuma a mazaunin da ake kira LGA 1700 allurai 1700 ne, kowace da aikinta. Sashen da ke magana da ram yana cikin furosesar ne, saboda haka da yawa daga alluran nan hanyar ram ce. In ka ɗaure sukuru ɗaya tamau kafin sauran, ko ka murɗa da ƙarfin da ya wuce kima, madabod yakan ɗan lanƙwasa, wani gefe ya danne, wani ya ɗaga. Allura kaɗan su rasa haɗuwa, sai kwamfuta ta ƙi tashi, ko ta tashi ta nuna maka rabin ram ɗinka: ka sa giga 16 tana ganin 8. Yaron nan ya ɗaure nasa ne kamar mai ɗaure notin tayar mota, don a tunaninsa matsewa ita ce sanyi. Yadda ake yi shi ne juyi biyu a wannan kusurwa, juyi biyu a wadda ke fuskantarta ta karkace, sannan sauran biyun, a yi ta zagayawa har sukuru ya tsaya da kansa. In ya tsaya, ka tsaya.

Ga kuma ram ɗin kansa. Babbar kula takan yi rumfa a kan ramukan ram, kuma wajen cusa hannu a maƙala fanka ana ture shi ba a sani ba. Haka ma wayar wuta mai baki 8 da ke can kusurwar sama ta hagu, wadda ke ciyar da furosesa: wasu kan zare ta don su samu wurin aiki, su manta ba su mayar ba. Madabod da yawa na yanzu suna da 'yan fitilu huɗu a gefe, an rubuta CPU, DRAM, VGA da BOOT. Wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda aka maƙale. Ta ɗan yayata a kan DRAM, wato ram, ta tsaya, tana haske a fili, mai shagon bai ko kalle ta ba.

Wani nau'in kuma, kwamfuta ta tashi, amma sai ta rubuta CPU Fan Error ta ce a danna F1. Wannan mai sauƙi ne. Madabod yana sauraron juyin fanka ta wani baki guda da aka rubuta CPU_FAN. In ka soka wayar a bakin fankar akwati, irin su SYS_FAN ko CHA_FAN, fanka za ta juya amma madabod zai ɗauka furosesa na zaune ba mai yi mata fifita. Mayar da waya mazauninta. Wani lokacin kuma waya na daidai, sai dai babbar fanka a hankali take juyawa in babu aiki, har ta faɗi ƙasa da adadin da aka sa wa madabod ya yi ƙorafi; sai a shiga BIOS, shafin saitin madabod, da maɓallin Del ko F2 a rage wannan adadin. A can ne kuma ake gyara fankar da ke ta ihu ba sassauci. Mai waya 4 da siginar PWM ake sarrafa ta, mai waya 3 kuwa da rage ƙarfin wuta, wato DC, kuma in aka saita ta uku a kan tsarin ta huɗu sai ta yi ta gudu iya ƙarfinta dare da rana.

Sai babbar magana, wadda aka fi kawo mini: an sa sabuwar kula amma zafi ya fi na da. Abu na farko da nake tambaya shi ne leda. Ƙasan kula, wurin da ke taɓa furosesa, yana zuwa da wata siririyar leda mai haske a manne, sau da yawa da gargaɗi da Turanci cewa a ɓare. Wanda zumuɗi ya ɗebe shi ba ya ganinta. Na taɓa buɗe kwamfutar wani ɗalibi daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo wadda ke haura digiri 90 tana zaune ba ta komai, na tarar da ledar nan ta yi wata guda a ciki, man da ake sawa a kan furosesa ya shafe ta har ba a gane ta. Leda ba ta wuce da zafi. Da aka ɓare ta aka sake shafa mai, zafin zama ya sauko ƙasa da 50.

Man da ake shafawa tsakanin furosesa da kula shi ma ana yi masa mummunar fahimta. Ba shi ke sanyayawa ba. Fuskokin ƙarfen biyu, duk sulɓinsu a ido, suna da ƙananan ramuka da iska ke maƙalewa, shi kuma man cike su yake yi. Ɗigo kamar ƙwayar wake a tsakiya ya isa ga yawancin furosesa, nauyin kula zai baje shi. Wanda ya bushe a goge shi tas da sifirit mai ƙarfi da ƙyalle marar gashi kafin a sa sabo. Kuma duk lokacin da ka ɗaga kula, dubi tambarin da man ya bari, don shi ne shaidar da ba ta ƙarya. In ya baje ko'ina siriri, zama ya yi. In gefe ɗaya ya shafu ɗaya bai taɓu ba, kula a karkace take. In ɗigon na nan kusan yadda ka sa shi, ba ta ma sauka ba.

Rashin sauka kuwa yawanci daga ƙarafunan ɗauri yake. Kowace kula tana zuwa da 'yan ledoji na sukurori da ginshiƙai, kowace da sunan mazauninta, kuma suna kama da juna ƙwarai. Lokacin da Intel ta fito da LGA 1700 a ƙarshen 2021, ta faɗaɗa tazarar ramukan ɗauri daga milimita 75 zuwa 78, tsayin furosesar ma ya ɗan ragu. Kular da aka ƙera don LGA 1200 ko 1151 kan iya zama kamar ta hau, alhali ba ta danna yadda ya kamata ba. AMD ta fi sauƙaƙawa a nan, don mazauninta na AM5 da ya zo a 2022 ya riƙe tazarar na AM4 da ya gabace shi, sai dai farantinsa da ke bayan madabod ba a cire shi, don haka kular da ke zuwa da nata farantin ba za ta hau ba sai da kayan ɗaurin da aka yi masa. Masu AM4 kuma su kiyaye wajen cire tsohuwar kula: ƙafafu 1331 a jikin furosesar suke, kuma busasshen mai kan riƙe ta ya fizgo ta daga mazauni. A bar kwamfuta ta yi aiki ta ɗumama, a kashe, a murɗa kular hagu da dama a hankali kafin a ɗaga. Masu tsofaffin kwamfutocin ofis na tokumbo irin Dell da HP, waɗanda su ne suka fi yawa a shagunan buga takardu na garin nan, su sani da yawansu suna da nasu tsarin ɗauri da nasu bakin fanka daban, kular kasuwa ba lallai ta hau su ba.

Alkiblar fanka ma a duba. Iska tana fita ne ta gefen da sandunan da ke riƙe da injin fanka suke, kuma ya kamata ta ratsa kula ta nufi bayan akwati. In ta juya baya, ita da fankar baya sai su yi ta ja-in-ja, zafi ya taru a tsakiya. Mai kular ruwa kuwa ya ɗora yatsa a kan famfon ya ji ko yana motsi, ya tabbata wayarsa na bakin da ke ba shi cikakkiyar wuta, kuma kada famfo ya zama shi ne mafi tsayi a kan lagireto, don iskar da ke cikin ruwan sama take hawa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu na Sakkwato musamman. Babu kular iska ko ta ruwa da za ta sauke furosesa ƙasa da zafin ɗakin da take ciki. Masu gwada waɗannan kaya a YouTube, a ɗaki mai sanyin digiri 22 ko kusa da haka suke gwaji. Mu a watan Afrilu da Mayu gari na haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa sai wanda ya zauna ciki. In mai gwaji ya samu 70, kai a ɗaki mai 38 ka sa ran 86 ko kusa, kuma kularka ba ta da laifin komai. Na sha ganin samari suna kwance kula suna sake ɗaurawa sau uku sau huɗu, suna farautar lambar da suka gani a bidiyon wani mutum a Jamus, har garin haka su lanƙwasa allura. Abin aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin zafin ɗaki da na furosesa, da kuma ko tana rage gudu in aiki ya yi nauyi. Manhajar HWiNFO kyauta ce, tana nuna zafin furosesa da ko tana rage gudu, na ɗaki kuma wayarka ko ƙaramin ma'auni zai ba ka kusa da shi.

In hunturu ya shigo, zafi ya ragu, sai ƙura ta karɓi aiki. Faifan babbar kula a matse suke, hazo kan toshe tsakaninsu kamar auduga cikin 'yan makonni. Ni duk wata nake hure tawa da bulowa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ina riƙe fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙarfinta.

Ban ce duk mai gyara a garin nan macuci ba ne. Na san waɗanda za su zauna da kai awa biyu suna gwada ram ɗaya bayan ɗaya, su cire batirin madabod su mayar da saiti na asali, su ma ɗaura tsohuwar kula don a ga ko za ta tashi, sannan su karɓi abin da bai taka kara ya karya ba. Irin wannan gwajin shi ne haƙƙin mai kaya kafin a ce masa wani abu ya ƙone. Wanda bai yi shi ba bai san abin da ya lalace ba, kuma yaron da ya tara kuɗin kula daga aikin biki uku ko huɗu ba shi da rarar da zai biya kuɗin zato.

Ɗan yayata ya kira ni jiya da dare. Ya fitar da bidiyon walima na awa biyu, zafin bai wuce digiri 81 ba da tsakar rana, kwamfutar ba ta rage gudu ba ko sau ɗaya. Na ce ya ajiye tsohuwar kular da sauran ledojin sukurorin a kwalinsu, ya kuma jawo akwatin daga jikin bango kamar taƙi guda don iskar baya ta samu wurin fita.