Dutsen Dala a Bayan Surukina

Masu kirana tun ranar Juma'a suna tambayar wai da gaske ne Baba, surukina, ya tafi masallaci da rigata, e, da gaske ne. Ga yadda aka yi, don na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa ya ɗauki labarin sai ya ƙara masa gishiri.

Kun dai san tun farkon sanyin nan na faɗa harkar zane. Bidiyo na gani a waya, wani dattijon Bature ya ɗan yi shafe-shafensa da buroshi, kafin shayina ya huce ya fito da dutse da gajimare da tafki. Na ce ashe abin ba wuya. Washegari na shiga Sabon Gari na ce fentin mai nake nema, aka sauko min da galan irin wanda ake shafa wa ƙofar gida. Na ce da kambas, yadin da ake zane a kai, aka nuna min layin masu takalma. Da ƙyar na samu wani shago a lungu da ke sayar wa ɗalibai kaya, na sayi kalolin nan masu zuwa a matse kamar makilin, guda shida, da buroshi uku. Mai shagon ya ce sai na haɗa da man linsid, wanda ake kwaɓa kalolin da shi, da tina, ruwan tsinka fenti. Da na ji kuɗin 'yar kwalbar linsid ɗin, wadda ko ta maganin tari ba ta kai ba, sai na ce a bar shi tukuna. Mai dai ai mai ne. Ga jarka guda ta man gyada a gida, na ƙuli, mai ƙamshi, wanda Gwaggo ta aiko daga ƙauye.

Kada wani ya ce ban tambaya ba. Na tambaya. A daren nan na tura wa ƙanin maman yara saƙo, shi da ya yi shekara huɗu yana karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda ko a ɗaurin aure aka haɗu sai ya sako maganar ƙungiyar masu zanen da su Yusuf Grillo da Uche Okeke suka kafa a Zariya a 1958, kamar da shi aka zauna. Tambayoyina a fili suke. Man gyada zai iya maye gurbin linsid? Kananzir zai yi maimakon tina? A kan alawayyo za a iya yin zanen kai tsaye? Kwana nawa abin yake yi ya bushe? Da me ake wanke buroshi? Ya buɗe saƙon, na ga alamar ta koma shuɗiya da idona. Shiru. A daren ya sa hoton kansa yana cin tsire, da safe ya sa wa'azi a kan muhimmancin sada zumunci. Wannan yaron fa ni na kai shi tashar Unguwa Uku da katifarsa a saman motata ranar da zai fara makaranta, kuma ni na biya kuɗin katifar, ko da yake har yau cewa yake Yayarsa ce ta saya. To bari dai.

Na jira kwana biyu na ce shirunsa ma amsa ce. Na samu falanki, na ja masa alawayyo na buga ƙusa, na ari tiren silba na maman yara ba da saninta ba, na matsa kaloli na tsiyaya man gyada. Dutsen Dala na yi niyya, da la'asar sakaliya, sama shuɗiya, gidajen ƙasa a gindinsa. Abu na farko da na koya shi ne in ka haɗa kala fiye da uku a wuri ɗaya, ko me ka fara da shi, miyar kuka za ka samu. Na ƙara fari, ta zama miyar kuka da aka yi wa ruwa. Na ƙara ja, ta koma ta jiya. Duk da haka da na ja baya na kanne ido ɗaya, akwai alamar dutse. Na sa hannu a ƙasa da manyan baƙaƙe.

Sai zaman jiran bushewa. Kwana uku na dangwala yatsa, ya kwaso fenti. Mako guda, haka. Na kunna masa fanka, na fitar da shi rana, na mayar da shi inuwa. Iskar hunturu ta yi masa nata aikin, duk ƙurar unguwar nan ta zo ta manne, saman da na yi shuɗi ya koma kalar hazo, wanda dai a gaskiya ya fi kama da Kano a watan Janairu. Sannan kiyashi suka gano shi. Layi suka yi daga bakin rariya har tsakiyar Dala, wasu suka maƙale a hanya suka cika a nan. Auta ya ce mutane ne suke hawan dutsen. A mako na uku na ɗauke shi daga tsakar gida saboda kaji, na shigar da shi falo na jingina da bango, a bayan darduma, fuskarsa na kallon ɗaki don ya sha iska.

Ranar Juma'a wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na ji sallamar Baba. Ba waya, ba aike. Ya zo duba wani a asibiti ya ce bari ya leƙa jikoki kafin masallaci. Kun san shigar Baba ta Juma'a: farar shadda kar, riga da 'yar ciki da wando, babbar riga mai aikin hannu, guga ta kwanta kamar takarda, turare tun daga soro. Kuma kun san ba ya zama a kujera. Na yi maza na nuna masa kushin, ya ce a'a, ƙasa ta fi. Ya tattara rigarsa ya zauna a kan darduma, ni kuma na durƙusa daga nesa, kaina a sunkuye.

Na ga lokacin da ya fara yin baya. Wallahi na gani. Ta wutsiyar ido na hango kafaɗarsa tana tafiya a hankali, tazarar da ke tsakaninsa da Dala ba ta fi taƙi ɗaya ba, ta koma yatsa huɗu, ta koma biyu. Bakina a buɗe yake. Amma a daidai lokacin ya ce "Ina kwana, an tashi lafiya?" Wa yake katse surukinsa a tsakiyar gaisuwa ya ce masa kada ya jingina? Na ce "Lafiya lau, Baba." Sai na ji ɗan sautin nan, caɓ, kamar an ajiye tuwo a cikin miya.

"Ya iyali?" Ya gyara zama zuwa dama.

"Lafiya ƙalau, Baba."

"Ya aiki?" Ya dawo hagu.

"Mun gode Allah."

"Ya sanyi?" A nan ya ɗan goga bayansa sama da ƙasa, irin na dattijo in ya samu abin jingina mai daɗi. Har ya ce, "Wannan allon naku da laushi."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Haka ne, Baba! Shekarata arba'in da ɗoriya, ina da 'ya'ya huɗu, abin da ya fito daga bakina ke nan. Gumi yana bin bayana cikin sanyin nan. Maman yara ta shigo da ruwa da lemo, ta durƙusa, ta ɗaga kai za ta gaishe shi, idonta ya sauka a kan gefen falankin da ya leƙo ta bayan kafaɗarsa. Ta dube ni. Na dubi darduma. Ta sake dubana, irin kallon da ke cewa kai za ka faɗa ko ni, kuma ko wane ne ya faɗa kai za ka ɗanɗana. Ta ajiye tiren, wanda ba na silbar ba ne don har yau ana neman wancan, ta fice.

Baba ya shaƙi iska sau biyu ya ce, "Ana suyar ƙuli ne a gidan?" Na ce a'a. Ya ce to ko risho ne yake yoyo, don yana jin kananzir. Na ce za a duba. Minti ashirin muka yi a haka. Ya ba ni labarin marar lafiyar da ya dubo, da tsadar taki, da wani fili da ake rigima a kai tun zamanin mahaifinsa, kuma duk inda labari ya yi daɗi sai ya yi dariya ya ƙara dannawa baya. Ni kuwa ina lissafin kuɗin yadi goma na shadda da ɗinki da aikin wuya.

Da ya duba agogo ya ce bari ya tashi, sai ya dafa ƙasa ya yunƙura, Dala ta tashi tare da shi. Ba ƙari na yi ba. Falankin ya bi shi har ya kusa miƙewa tsaye, ya ɗan tsaya a manne kamar yana shawara, sannan ya saki a hankali da wani dogon sauti irin na cire filasta, ya faɗi rigingine. Baba ya waiga ya dubi allon, bai gane komai ba, don rabin zanen ba ya nan. Sai ga Auta a bakin ƙofa yana tsalle: "Kaka, Dala a bayanka! Har da mutanen!"

Ya cire babbar rigar a nutse, ya ɗaga ta da hannu biyu ya miƙa ta gaban taga. Ga dutse, ga sama, ga kiyashi, ga sunana a juye daga dama zuwa hagu kamar ajami. Ya daɗe yana kallo. Ni dai da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

"Wannan mene ne?"

"Dutsen Dala ne, Baba."

Ya sake kallo, ya karkatar da kai. "Shekara saba'in ina ganin Dala." Ya yi shiru. "To, Allah ya ba da sa'a."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Man ya riga ya ratsa har 'yar ciki, ga lokacin huɗuba ya matso, dole na ɗauko masa shuɗiyar rigata ta sallah. Baba ya fi ni tsawo da kusan kai guda, rigar ta tsaya masa a ƙasan gwiwa kaɗan. Haka ya tafi. Wanda ya ce wai da hulata ma ya tafi ƙarya yake, hularsa ba abin da ya same ta. Da dare maman yara ta shimfiɗa rigar a kan igiya, ta haska da fitilar waya, ta ce tsakani da Allah ya fi kyau a jikin shaddar.

Ranar Asabar da safe, bayan labari ya gama zaga dangi, sai ga saƙon murya daga gwanin Zariya. Minti goma sha ɗaya. Biyun farko dariya ce zalla, har da tari. Sannan ya gyara murya ya ce, "Yaya, ai fentin mai ba bushewa yake irin ta wanki ba." Wai ba wani ruwa ne yake tashi daga cikinsa ba, man linsid ne yake shan iska a hankali har ya daskare ya zama kamar fata, kuma ba kowane mai ne yake da wannan hali ba. Man gyada da na zaitun ko shekara za su yi suna nan da danƙonsu, shi ya sa fankata da ranata duk aikin banza ne. Ko da linsid na gaske, in an shafa siriri sai ya yi kwanaki, wani ma fiye da mako, kalar ruwan ƙasa ta fi saurin kamawa, fari ya fi nawa, kuma ba a shafa masa man ƙyalli sai ya yi wata shida. Wai shafin farko da tina ake tsinka shi, na sama ne ake ƙara wa mai, in aka juya sai ya tsattsage. Alawayyo kuma sai an fara shafe shi da wani farin abu, jeso, sau biyu ko uku, in ba haka ba yadin ya shanye man ya ruɓe. Ya ce tsumman da ya sha linsid kada a dunƙule shi a jefa kwando, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa, a shanya shi a buɗe ko a tsoma a ruwa, "amma kai Yaya wannan bai shafe ka ba, naka sai dai ɓera." Dariya kuma.

Duk wannan minti huɗu ne. Abin da zai rubuta min a layi ɗaya mako uku da suka wuce: kada ka sa man gyada. Sauran lokacin tarihi ya ba ni, wai sai a 1841 wani Ba'amurke ya ƙirƙiro matsin da ake zuba fenti a ciki, kafin nan a mafitsarar alade Turawa suke ƙulla shi. Ni na tambaye shi alade? Kuma daga ƙarshe ya rufe da cewa da na kira shi ai da ya faɗa min, shi bai cika duba saƙo ba. Mutumin da yake canja hotonsa sau uku a yini. Na fara rubuta masa amsa, na kawo maganar katifa, na goge, na sake rubutawa, maman yara ta karɓe wayar.

Rigar tana wajen mai wanki, ya jiƙa ta da kananzir da omo sau biyu, ya ce sama ta fita amma dutsen yana nan. Ana shawarar a kai ta marina a Ƙofar Mata a rine ta gaba ɗaya, Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, kuma bai dawo min da tawa ba. Allon yana bayan akurkin kaji, jiya na taɓa shi, har yanzu. Tambayata ta biyar kuwa, ta wanke buroshi, ko a minti goma sha ɗayan bai amsa ba. Suna nan a cikin gwangwanin madara, biyu sun sandare. In akwai wanda ya sani ya faɗa min, amma ban da shi.