Masu riƙe sandar maiko ma suna da iyali

Jama'a, da zarar ƙaramin fim ya hau YouTube sai masu sharhi su yi ca. Wai jaruma ta shiga ɗaki da jan mayafi ta fito da shuɗi. Wai ana jin kukan janareta lokacin da uwa ke yi wa ɗanta nasiha. Duk gaskiya ne. Amma mu da muke aiki bayan kyamara a nan Kaduna mun san inda waɗannan kurakurai ke tsirowa. Wajen rabon kuɗi suke tsirowa.

Ga yadda yini ke tafiya. An aro gida a Malali ko Unguwar Rimi, mai gida ya gindaya sharaɗi a fita kafin magariba. An ce kowa ya zo ƙarfe bakwai. Mai fitila da yaransa sun zo, mai kwalliya ta zo, mai sauti ya ɗaura kayansa. Jarumi kuwa sai bayan azahar, domin yana wani lokeshan. Ba wanda zai ce masa uffan, ai fuskarsa ce a jikin fosta. To aikin da ya kamata ya ci kwana biyu sai a matse shi tsakanin azahar da faɗuwar rana. Mai sauti ya ce darakta a sake, keke napep ya wuce a tsakiyar magana. Darakta ya dubi rana ya ce a bari, edita zai gyara. Edita ba ya gyara wannan. Ba a taɓa gyara shi ba.

Janareta kuma labari ne mai zaman kansa. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, mai ya zama babban abin da furodusa ke lissafi. Ana ɗauko ƙarami mai ihu, wayarsa gajeriya, dole a ajiye shi gindin taga. Da an sayi doguwar waya an kai shi bayan katanga, da rabin ƙorafin 'yan kallo ya tafi. Kuɗinta bai kai na ɗinkin da jaruma za ta sa a fitowa ɗaya ba.

Batun mayafi kuwa aikin mai kwantiniti ne, wanda ke zaune da littafi da waya yana rubuta wane agogo jarumi ya ɗaura, a wane hannu ya riƙe kofi. Fim ba a jere ake ɗaukarsa ba. Shiga ɗaki yau, fitowa ranar Laraba. A ƙananan finafinai wannan kujera ita ake fara sokewa, a miƙa littafin ga ƙanin wani da ya zo kallo.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne sallama. Jarumi sai ya ji alat kafin ya bar gida. Mai hayar kyamara ba ya sakin kaya sai ya ga kuɗi. Sauran fa? Yaron da ya wuni hannu sama riƙe da sandar maiko, matar da ta dafa wa mutum talatin shinkafa da wake, mai ɗaukar kaya daga mota zuwa bene, su ake ce wa "a yi haƙuri fim ya fito". A ba ka kuɗin mota a haɗa da Allah ya bar zumunci. Wanda ya san haka za a yi masa, da wane ƙarfin gwiwa zai tsaya ya ce a sake ɗauka?

Ban ce furodusoshi azzalumai ne ba. Da yawansu fili ko mota suka sayar. Kasuwar faifai ta mutu, YouTube kuma ba ya fara biyan tasha kuɗin talla kan dogayen bidiyo sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo, bayan haka ma abin da ke shigowa ɗigo ne. Amma idan kaza gare ka, ba ka gayyatar unguwa cin bijimi. Labarin da ke buƙatar gida biyar a mai da shi gida biyu, a biya kowa.

Kaduna ba baƙuwa ba ce a wannan sana'a. Garin su Samanja da Ƙasimu Yero ne, tun zamanin wasan rediyo da talabijin. Nan mujallar Fim ta fara fitowa a 1999. Da Kano ta dakatar da ɗaukar fim na wasu watanni a 2007, nan da yawa suka kwaso kyamarorinsu. Muna da gwanaye. Sai dai ku je ku duba inda suke yanzu: ɗaukar biki da taron siyasa, inda ake tashi a biya. Lokeshan ya koma hannun sababbi, su ma da sun goge sai su bi yayyensu.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Takarda ɗaya: sunanka, aikinka, kuɗinka, ranar biya, shaidu biyu. Mutanenmu na jin nauyin wannan, wai kamar rashin yarda ne, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar fim, na iya fitar da samfuri guda kowa ya riƙa kwafa. Kafin nan, duk furodusan da ya kira ni aiki, ranka ya daɗe ka zo da biro. Kuma zan tambayi nawa ka ware wa mai sauti.