Takaddamar Turkiyya da Isra'ila: Gaza ce a baki, Siriya ce a zuci

Duk lokacin da Shugaba Recep Tayyip Erdogan ya yi kakkausan jawabi a kan Isra'ila, kafin gari ya waye an yanko bidiyon an watsa shi a wayoyin jama'a daga Kano har Maraɗi. Sau da yawa akan haɗa shi da tsohon hoton taron Davos na watan Janairun 2009, inda Erdogan, yana firaminista a lokacin, ya dubi idon shugaban Isra'ila na wancan lokaci, Shimon Peres, ya ce masa sun ƙware wajen kisa, sannan ya tattara takardunsa ya sauka daga dandali. Na sha zama a majalisa ana miƙa wayar daga hannu zuwa hannu ana cewa ga namijin duniya, kuma ban ga laifin masu faɗin haka ba, domin duk wanda ya ga abin da aka yi wa mutanen Gaza dole zuciyarsa ta karkata ga wanda ya buɗe baki a madadinsu. Amma ra'ayina shi ne, idan har ranar ta zo da sojan Turkiyya da na Isra'ila suka buɗe wa juna wuta, a sararin samaniyar Siriya abin zai faru, kuma dalilinsa zai kasance batun wanda zai yi faɗa a ji a Damaskus. Ana zaton wuta a maƙera, tana shirin tashi a masaƙa.

Tarihin ƙasashen biyu ya nuna cewa cacar baki a kan Falasɗinu ba ta taɓa raba su kwata-kwata ba. Turkiyya ce ƙasar Musulmi ta farko da ta amince da Isra'ila, tun a shekarar 1949. A 1996 suka ƙulla yarjejeniyar soji wadda ta bai wa matuƙan jiragen yaƙin Isra'ila damar atisaye a sararin samaniyar Konya, kamfanonin Isra'ila kuma suka samu kwangilar sabunta jiragen F-4 da tankokin yaƙin Turkiyya. Ko a ranar 31 ga Mayun 2010, da sojojin Isra'ila suka dira a kan jirgin ruwan agaji na Mavi Marmara a tsakiyar teku suka kashe mutum 9, na goma kuma ya rasu bayan shekaru huɗu yana jinya, fushin bai ɗore ba har abada. Firaministan Isra'ila Benjamin Netanyahu ya nemi afuwa ta wayar tarho a 2013 bisa matsin lambar Barack Obama, aka biya diyyar dala miliyan 20 a 2016, jakadu suka koma bakin aiki. An sake korar jakadu a 2018, aka sake shiryawa a 2022 bayan ziyarar Shugaba Isaac Herzog na Isra'ila a Ankara, har ta kai Erdogan da Netanyahu sun zauna tare a birnin New York a watan Satumban 2023, makonni kaɗan kafin harin Hamas na 7 ga Oktoba. Zama ne irin na doya da manja, amma a duk tsawon waɗannan shekaru jiragen ruwa ba su daina dakon kaya tsakanin tashoshin ƙasashen biyu ba.

Yaƙin Gaza ya canza wannan, kuma ba zan rage wa Turkiyya abin da ta yi ba. Ta janye jakadanta, ta dakatar da cinikayya baki ɗaya a watan Mayun 2024, cinikin da ya kusa dala biliyan 7 a shekarar da ta gabata, ta nemi shiga ƙarar da Afirka ta Kudu ta shigar a Kotun Duniya, kuma a Nuwamban 2025 masu gabatar da ƙara na Istanbul suka ba da sammacin kama Netanyahu da wasu jami'ai 36. Waɗannan matakai ne da mafi yawan ƙasashen Larabawa ba su ɗauki ko rabinsu ba. Sai dai ya kamata a tuna cewa wata shida cur ƙarfe da siminti na Turkiyya suna ci gaba da isa Isra'ila ana tsaka da ruwan bama-bamai, kuma gwamnati ba ta fara taƙaita fitar da kayan ba sai a watan Afrilun 2024, kwanaki kaɗan bayan jam'iyyar AKP ta Erdogan ta sha kaye a zaɓen ƙananan hukumomi, inda jam'iyyar Yeniden Refah ta Fatih Erbakan ta yi ta yi mata gori a kan wannan ciniki. Talakan Turkiyya ne ya tilasta wa gwamnatinsa da ƙuri'arsa. Haka kuma ɗanyen man Azarbaijan da ke bin bututu daga Baku zuwa tashar Ceyhan ta Turkiyya ya zama abin ce-ce-ku-ce, domin masu bin diddigin jiragen ruwa sun sha nuna cewa yana ƙarewa ne a matatun Isra'ila, hukumomin Ankara kuwa suna musantawa. A taƙaice, a kan Gaza Turkiyya ta yi amfani da baki da kotu da kasuwa, amma ba ta taɓa motsa ko bataliya ɗaya ba, kuma Isra'ila ta san haka.

Abin da ya sauya lissafi shi ne ranar 8 ga Disamban 2024, ranar da Bashar al-Assad ya tsere zuwa Rasha, mayaƙan Ahmed al-Sharaa, wanda daga baya ya zama shugaban riƙon ƙwarya na Siriya, suka shiga Damaskus. Tsawon shekaru Siriya ta kasance katanga tsakanin Turkiyya da Isra'ila, katangar da Iran da Rasha suke tokare da ita. Da ta faɗi, sai ƙasashen biyu suka wayi gari suna kallon juna ido da ido. A cikin 'yan kwanaki Isra'ila ta kai ɗaruruwan hare-hare a kan rumbunan makamai da filayen jirage, ta nutsar da jiragen ruwan sojin Siriya a Latakiya, ta kutsa cikin yankin da yarjejeniyar 1974 ta haramta wa sojojin Isra'ila da na Siriya, ta kuma mamaye ƙololuwar Dutsen Hermon, daga inda ake iya hango Damaskus. A watan Janairun 2025 kwamitin Nagel, wanda gwamnatin Isra'ila ta kafa don nazarin kasafin tsaro, ya gargaɗe ta da ta shirya wa yiwuwar arangama da Turkiyya, abin da shekara ashirin baya ko a mafarki ba za a rubuta ba.

Wanda yake son ya ga yadda lamarin ya yi tsamari, ya dubi sansanin sojin sama na T4 da ke hamadar lardin Homs, a kan hanyar tsohon birnin Tadmur. Rahotanni sun nuna cewa jami'an sojin Turkiyya sun je sun duba wannan sansani da wasu biyu, da niyyar girke jirage marasa matuƙa da makaman kakkaɓo jirage a ƙarƙashin wata yarjejeniyar tsaro da sabuwar gwamnatin Siriya. A farkon Afrilun 2025 jiragen Isra'ila suka zo cikin dare suka farfasa titin saukar jirage na T4, suka yi kaca-kaca da filin jirgin soji na Hama. Ramukan da bama-baman suka bari a kan kwalta saƙo ne aka rubuta wa Ankara, kuma ministocin Isra'ila ba su ɓoye ba: Gideon Sa'ar ya zargi Turkiyya da neman mayar da Siriya 'yar amshin shatanta, Israel Katz kuma ya gargaɗi al-Sharaa cewa zai ɗanɗana kuɗarsa idan ya bari abokan gāba suka kafa sansani. Dalilin wannan zafi a bayyane yake ga duk wanda ya san yadda Isra'ila ke yaƙi. Ƙarfinta yana cikin 'yancin shawagi a sararin samaniyar maƙwabtanta, kuma ta sararin Siriya ne hanyar jiragenta zuwa Iran ta fi sauƙi, kamar yadda aka gani a yaƙin kwana 12 na watan Yunin 2025. Idan aka kafa na'urorin rada da makamai masu linzami na Turkiyya a tsakiyar Siriya, wannan ƙofa ta rufe, kuma wanda ya rufe ta mamba ne na ƙungiyar tsaro ta NATO tun 1952.

A nan ne nake ganin dole mai sharhi ya tsaya a wuri ɗaya. Turkiyya tana son Siriya dunƙulalliya, mai gwamnati ɗaya da soja ɗaya, kuma dalilanta ba na tausayi kaɗai ba ne: tana da iyaka ta kusan kilomita 900 da ƙasar, ta karɓi 'yan gudun hijira sama da miliyan 3 da rabi waɗanda take son su koma gida, kuma tana tsoron kafuwar yankin Kurdawa mai alaƙa da ƙungiyar PKK da ta yaƙe ta tun 1984. Isra'ila kuwa ta fi son Siriya mai rauni, wadda aka kakkasa tsakanin ƙabilu da ɗariƙu. Shi ya sa Netanyahu ya nemi a kwashe sojoji daga lardunan Kunaitira da Dar'a da Suwaida, shi ya sa Sa'ar ya kira Kurdawa abokan ƙawance na asali, shi ya sa kuma a rikicin Suwaida na watan Yulin 2025 jiragen Isra'ila suka kai hari kan hedikwatar tsaro a tsakiyar Damaskus da rana tsaka da sunan kare tsirarun al'ummar Duruzawa. Gaskiya ne an yi wa Duruzawa kisan gilla a Suwaida, kamar yadda aka yi wa Alawiyyawa a gabar teku a watan Maris, kuma wannan abin kunya ne da gwamnatin al-Sharaa ba za ta wanke kanta daga gare shi da jawabi ba. Amma ƙasar da ta mamaye Tuddan Golan na Siriya tun 1967, ta haɗe su da ƙasarta a 1981 ba tare da amincewar Majalisar Ɗinkin Duniya ba, ba ta da bakin da za ta ce kishin tsiraru ne ya kai ta ƙara cin ƙasa. Tsakanin manufofin biyu, ta Turkiyya ce ta fi kusa da abin da mutanen Siriya suke buƙata bayan shekara goma sha uku na yaƙin basasa.

Faɗin haka ba ya nufin an wanke Ankara. Sojojinta suna cikin arewacin Siriya tun 2016, ta shiga Afrin da ƙarfin bindiga a 2018, ƙungiyoyin da ta ɗaure wa gindi an zarge su da ƙwace gidaje da gonakin Kurdawa, kuma kuɗin Turkiyya ne ake kashewa a kasuwannin wasu garuruwan. Mutumin Siriya da ya karanta tarihinsa bai manta cewa sarakunan Istanbul sun mulki ƙasarsa shekara ɗari huɗu ba. Shi kansa al-Sharaa gaba kura baya sayaki yake: yana buƙatar horo da makaman Turkiyya, shi ya sa aka sanya hannu kan yarjejeniyar horas da sojoji a watan Agustan 2025, amma yana tattaunawa da Isra'ila ta hannun Amurka domin ya san ba shi da abin da zai kare samaniyarsa.

Daga Siriya gasar ta fantsama zuwa wasu wurare, kuma a nan za a iya wucewa da sauri domin salon iri ɗaya ne. Isra'ila ta matso kusa da Girka da Kubrus, tsofaffin abokan hamayyar Turkiyya, har ta sayar wa Kubrus makaman kare sararin samaniya samfurin Barak MX, a tsibirin da sojojin Turkiyya ke zaune a arewacinsa tun 1974. Isra'ila ta ƙi amincewa sojan Turkiyya ya taka Gaza a cikin rundunar ƙasa da ƙasa, duk da cewa Erdogan yana cikin shugabanni huɗu da suka sa hannu a takardar Sharm el-Sheikh ta tsagaita wuta a Gaza a watan Oktoban 2025. Harin da Isra'ila ta kai wa shugabannin Hamas a Doha ranar 9 ga Satumban 2025 ya sa Turkawa da yawa sun shafa wa gemunsu ruwa, ganin cewa su ma jami'an Hamas suna shiga da fita a Istanbul. Abin da ya fi shafar mu 'yan Afirka shi ne matakin 26 ga Disamban 2025, lokacin da Isra'ila ta zama ƙasa ta farko da ta amince da Somaliland, yankin da ya ayyana ɓallewa daga Somaliya, alhali Turkiyya tana da babban sansanin soji a Mogadishu tun 2017 kuma ta ɗauki alkawarin taimaka wa Somaliya tsare ruwayenta. Tarayyar Afirka ta yi watsi da matakin, kuma ta yi daidai, domin nahiyar da ta sha wahalar yaƙin ɓallewa ba ta buƙatar baƙi su zo su mayar da iyakokinta fagen gwada ƙwanji.

Masu cewa yaƙi ba zai yiwu ba suna da hujja, kuma hujjar tasu Amurka ce. Donald Trump ya gaya wa Netanyahu a gaban 'yan jarida a watan Afrilun 2025 cewa yana ɗasawa da Erdogan, ya kuma nemi Isra'ila ta sassauta. A makon ne jami'an ƙasashen biyu suka zauna a Azarbaijan, ƙasar da ta ci yaƙin Karabakh na 2020 da jirage marasa matuƙa na Turkiyya da na Isra'ila a lokaci guda, suka fara maganar kafa layin tarho na soji don kauce wa karo. Ministan harkokin wajen Turkiyya Hakan Fidan ya fito ya ce ƙasarsa ba ta neman fito-na-fito. Na yarda da shi, domin Isra'ila tana da jiragen F-35, ita kuwa Turkiyya an cire ta daga shirin a 2019 saboda sayen makaman S-400 na Rasha, kuma jiragen Eurofighter 20 da ta ƙulla cinikinsu da Birtaniya za su ɗauki shekaru kafin su cike giɓin.

Abin da ke hana ni natsuwa shi ne, sararin samaniyar Siriya ya sha cin mutanen da babu wanda ya yi niyyar kashe su. A Nuwamban 2015 Turkiyya ta harbo jirgin yaƙin Rasha a kan iyaka saboda kutsen da ta ce bai wuce daƙiƙa 17 ba, aka shafe wata bakwai ana zaman tankiya. A Satumban 2018 makaman Siriya suka kakkaɓo jirgin Rasha kusa da Latakiya a daidai lokacin da Isra'ila ke kai hari, mutum 15 suka mutu, duk da cewa akwai layin tarho tsakanin Mosko da Tel Aviv. A Fabrairun 2020 hari ɗaya a Idlib ya hallaka sojojin Turkiyya sama da 30. Yanzu masu horaswa na Turkiyya suna ƙara yawa a barikokin sabuwar rundunar Siriya, waɗannan barikoki kuma su ne Isra'ila ta saba kai wa hari ba tare da neman izinin kowa ba. Ranar da aka sauke akwatunan gawa lulluɓe da jar tuta a filin jirgin Ankara, shugaban da ya gina sunansa a kan abin da ya yi a Davos ba zai iya gaya wa jama'arsa cewa kuskure ne a yi haƙuri ba, haka nan firaministan da ya saba cin zaɓe da alkawarin tsaro ba zai sake ɗaga waya ya nemi afuwa kamar yadda ya yi a 2013 ba.