Yawan ambato ba shi ne ma'aunin mai binciken lafiya ba

Duk shekara, da zarar an saki jerin masanan nan da ake cewa sun shiga kashi 2 cikin 100 na sahun gaba a duniya, sai wayoyin Kumasi su cika da hotuna. Jami'o'i su buga fasta, mu ma a zaurukan WhatsApp na Aboabo da Asawase a yi ta turawa ana "Allah ya ƙara basira". Ba na hassada da kowa, a cikinsu akwai waɗanda suka yi aiki tuƙuru. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka fara nuna wa 'ya'yan zango masu karatun kimiyyar lafiya a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, cewa shiga wannan jeri shi ne ƙololuwar buri.

Jerin ba lambar yabo ba ce daga Jami'ar Stanford, kamar yadda ake yaɗawa. Farfesa John Ioannidis na can da abokan aikinsa suka fara haɗa shi a 2019 daga Scopus, rumbun bayanan takardun bincike na kamfanin Elsevier. Babu wani kwamiti da ya zauna ya karanta takardun. Kwamfuta ce ke ƙirga sau nawa wasu masana suka ambaci aikin mutum a nasu rubutun, sannan ta haɗa da ma'aunin h da Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005: mai takardu 30 da aka ambaci kowace sau 30 ko fiye, h ɗinsa 30 ne. Ƙirgar ba ta san yabo da ƙaryatawa ba. Takardar Andrew Wakefield ta 1998, wadda ta jefa tsoron allurar ƙyanda a zukatan iyaye, mujallar Lancet ta janye ta a 2010, amma an ambace ta fiye da sau dubu.

Kuma ana maguɗi. A 2010 wani masanin kwamfuta a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiro marubucin bogi da takardun da kwamfuta ta zuba, ya kai shi h 94 a Google Scholar, sama da Einstein. Shi kansa Ioannidis ya nuna a 2018 cewa akwai dubban masana da sunansu ke fitowa a kan takarda duk bayan kwana 5. Wane ɗan Adam ne ke kammala bincike na gaskiya cikin kwana 5?

Babbar ɓarnar a wurinmu take. Ambato yana bin inda masu rubutu suka fi yawa, su kuwa suna bin inda kuɗi yake. Gyambon Buruli ba ya damun Amurka ko Ingila, masu bincikensa a duniya 'yan kaɗan ne. Shekaru da dama maganinsa shi ne ƙwayar rifampicin tare da allurar streptomycin kullum har kwana 56. Yaro daga ƙauye, ƙafa a naɗe da bandeji, a goyo shi a kan babur kowace safiya a soka masa allurar da ke iya kurmantar da shi. Farfesa Richard Phillips na KNUST da abokan aikinsa suka gwada haɗin ƙwayoyi zalla a asibitocin Agogo da Tepa da wasu wurare a Gana da Benin, aka buga sakamakon a Lancet a 2020, ya tabbatar da cewa ba sai da allura ba. Wani kuma zai aika 'yan alƙaluma a saka sunansa cikin ɗaruruwan marubutan wata babbar takarda ta duniya, ya kwashi ambato dubbai yana zaune. A ƙirga, na biyun ne a gaba, kuma wannan zalunci ne.

Haka gwajin sikila ga jarirai da marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara a Kumasi a 1995. Kusan jarirai 2 cikin 100 a ƙasar nan da cutar ake haifar su. Ɗigon jini daga diddigen jariri, a gano ta da wuri, a ɗora shi a kan penisilin kafin zazzaɓi ya ɗauke shi. Uwar da ta rungumi ɗanta a layin asibitin Komfo Anokye ta ci moriyar wannan aiki, nas-nas da ma'aikatan ɗakin gwajin da suka riƙe shi kuwa babu rumbun da ke ƙirga su.

Masu cewa jerin yana kwatanta kowa da 'yan fanninsa ne, ai fanni guda na iya haɗa mai binciken cutar da duniya ke rububi a kai da mai Buruli a kwando ɗaya.

Tun 2012 masana suka yi sanarwar San Francisco suna kira a daina auna mutum da sunan mujallar da ya buga a ciki. Kwamitocin ƙarin girma a jami'o'in Legon da Kumasi su nemi mai neman farfesa ya kawo ayyukansa mafiya muhimmanci, su karanta, su tambaye shi wace ƙa'idar magani ta Hukumar Lafiya ta Gana ce ta canza saboda shi. Asusun bincike na ƙasa da aka yi wa doka a 2020 kuma a zuba masa kuɗi na gaske, domin muddin masu bincikenmu a cibiyoyin binciken lafiya na Noguchi a Legon da KCCR a Kumasi suna jiran tallafin waje, masu ba da kuɗin ne za su ci gaba da zaɓa mana cutar da za a bincika.