Alƙalin da ba ya zaman kotu

Littafi na bakwai a Tsohon Alkawari sunansa Shofetim a Ibrananci, jam'in shofet. Wasu fassarorin Hausa sun kira shi Alƙalai, wasu kuma Littafin Mahukunta. A ganina na biyun sun fi dacewa.

Bahaushe in ya ji alƙali, abin da yake gani shi ne dattijo da rawani, ga muhuti a gefe, ga mai ƙara da wanda ake ƙara. To, buɗe littafin ka nemo wannan dattijon. Ehud, bahago, ya ɗaura gajeren takobi a cinyarsa ta dama, ya kai wa Eglon sarkin Mowab haraji, ya soke shi a ciki. Gidiyon ya far wa sansanin Madayanawa cikin dare da mutum 300, ƙaho a hannu, tuluna da jiniyar wuta a ɗaya hannun. Samson kuwa, an ce ya yi shekara 20 yana riƙe da matsayin shofet, amma ba a nuna shi ko sau ɗaya yana raba gardamar gona ba. Debora ce kaɗai aka nuna ana zuwa wurinta neman hukunci, tana zaune a gindin dabino tsakanin Rama da Betel. Ita ma ɗin sai da ta bi Barak, shugaban mayaƙa, fagen fama.

Maƙwabtan Ibraniyawa sun ƙara fito da maganar fili. A allunan birnin Mari, a Siriya ta yau, mai riƙe da lardi ana ce masa shapitum. A tsohon birnin Kartaj, kusa da Tunis, shugabannin gari biyu da ake zaɓa duk shekara su ne sufet, kuma Hannibal da ya addabi Rum ya hau kujerar a 196 kafin haihuwar Annabi Isa. Asalin kalmar ɗaya ne, ya haɗa yanke hukunci da riƙon jama'a.

Shofet dai ba sarki ba ne, ba a gadon kujerarsa. Da aka yi wa Gidiyon tayin sarauta har ɗa da jika, cewa ya yi a kai kasuwa.

Hausa ta yi sa'a a nan. Hukunci, hukuma, hakimi, duk tsatso ɗaya suka fito a Larabci. Kullum a rediyo ana kira ga mahukunta su gyara hanya ko su kawo taki, kuma ba wanda yake zaton da kotu ake.