Baƙin Tukunya

Wai an zage mu da Turanci. Madalla.

Shekaranjiya wani bawan Allah ya hau Facebook ya zuba dogon rubutu, ya ce akwai wasu blackguard a cikin tafiyar siyasar nan tamu, marasa aƙida, waɗanda ba su san mutunci ba. Bai kama suna ba, ni ma ba zan kama ba, wanda ya yi zagi a kasuwa ai ya san da wanda yake. Da daddare kuma ya turo saƙon murya yana maimaita kalmar, yana raba ta gida biyu, "bilak" daban "gad" daban, kai ka ce maigadin banki yake kira. Masu abin "bilagad" suke cewa, a dunƙule. To, kayan aro dama ba ya rufe katara.

Tunda an jefo mana ita, bari mu faɗa masa daga gidan da ta fito, don na ga alama shi a titi ya tsince ta.

A Ingila aka haife ta, wajejen 1530, zamanin Sarki Henry na Takwas. Babu ruwanta da launin fatar kowa. A fadar sarki da gidajen manya akwai yaran madafi, su ne ƙarshen baya a cikin barori: su ɗauko gawayi, su hura wuta, su kankare tukwane, su wuni baƙi ƙirin da hayaƙi da baƙin tukunya. Idan sarki zai fita rangadi, dogaransa na gaba cikin ado, su kuwa suna can wutsiyar ayari a kan amalanken tukwane da kasake suna gadin kayan girki. Sai aka laƙaba musu sunan tsiya, wai su ma rundunar dogarai ce, baƙar runduna. Ma'anar kalmar ke nan tun farko, baƙaƙen masu gadi.

Ni ban ga abin kunya a nan ba. Yaro ya yi baƙi saboda ya yi aiki, da yamma ya samu ruwa da sabulu ya koma yadda uwarsa ta haife shi. Idan wannan malam yake nufi, mun karɓa. Mu muka jera kujeru, mu muka kwana manna fosta, ranar da ruwa ya rushe rumfa mu muka tattara.

Sunan ya lalace ne lokacin da wasu suka shigo ayarin alhali ba su wanke ko ludayi ba. Zauna-gari-banza, marasa ubangida, suna bin fada duk inda ta nufa saboda ƙanzo da ragowar kwano. Abin ya ishi fada har a 1683, zamanin Sarki Charles na Biyu, aka fitar da sanarwa a kan yaran banza marasa ubangida da ake kira da wannan suna, aka ce su bar harabar sarki. Kafin 1755, lokacin da marubucin Ingila Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa na Turanci, kalmar ta zama ta ƙazamin mutum ƙasƙantacce, daga nan ta zarce kan duk wanda ba shi da alƙibla. Mu nan ba mu wahalar da kanmu ba, mun ce 'yan a bi yarima a sha kiɗa.

To jama'a, a cikinmu waye ya sauya hula uku a cikin shekara biyu? Waye ya riƙe wa wancan maigidan buta da takalmi, yana rantsuwa da kabarin kakansa cewa sai dai mutuwa ta raba, ranar da aka faɗi zaɓe kuma kafin la'asar ya cire hotonsa daga bango? Waye idan motoci suka tashi ba ya tambayar ina aka nufa, sai dai wace mota ce ke ɗauke da kulolin abinci? Tambaya kawai nake yi. Kura ce dai yau take ce wa kare maye.

Akwai wata walima da ba na mantawa. Ana tsakiyar addu'a, kowa ya ɗaga hannu, wani ya ɗaga ɗaya, ɗayan yana cikin faranti. Cinyar kaza biyu suka shige aljihun babbar riga, ko leda babu. Da aka tashi ɗaukar hoto, ya kutsa ya tsaya dab da maigida yana washe baki, mai kuwa ya riga ya huda farar shadda, ya zana taswira tun daga ƙirji har cibiya. Mu da muke gefe muna tattara kwanuka muka kawar da kai, don muna da kunya.

Wannan hoton shi ne a saman shafinsa har watan jiya. Maigidan kawai ya yanke daga ciki, tabon yana nan.