Matatar hayaƙin dizal: ana yankewa a gareji, takardar lafiyar mota kuma na fita

Duk wanda ya taɓa zama a garejin masu gyaran motocin gas a gefen Ƙofar Ruwa a Kano ya san yadda abin yake tafiya. Mota ta zo tana kunna wuta a dashbod, ƙarfinta ya ragu, direba na taka totur tana jan ƙafa. Bakanike ya leƙa ƙasa, ya ƙwanƙwasa wani tulu da ke jikin salansa, ya ce wa mai ita, Alhaji, wannan ne ya toshe, a cire a huta. Mai walda ya tsaga tulun, a farfasa abin da ke ciki da guduma, a zazzage shi ƙasa kamar saƙar zuma da ta ƙone, a mayar a like. Sai mai kwamfuta ya zo ya goge wa motar tunanin cewa ta taɓa samun irin wannan abu. Kafin la'asar ta tashi garau.

Abin da aka zubar ɗin matata ce, Turawa na ce mata DPF. Aikinta ta kama baƙin toka mai laushi da injin dizal ke fitarwa, wanda ƙanƙantarsa ta sa yake wuce hanci da maƙogwaro ya zauna can cikin huhu. Kamfanin Peugeot ya saka ta a motar 607 a shekarar 2000, kuma daga 2009, da ƙa'idar hayaƙin motoci ta Turai mai suna Euro 5 ta fara aiki, kusan duk ƙaramar motar dizal da aka ƙera don Turai tana ɗauke da ita. A 2012 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka hayaƙin dizal cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu.

Ba zan ɗora wa bakanike laifin duka ba, domin zalunci ne. Matatar nan tana wanke kanta ne idan salansa ta yi zafi sosai, wajen digiri 600, kuma hakan na bukatar doguwar tafiya ba tsayawa, kamar daga Na'ibawa zuwa Zariya. Motar da ke wuni tana rarrafe tsakanin Bata da Kantin Kwari ba za ta taɓa kai wannan zafin ba. Ga kuma man da muke zuba mata. A Turai sinadarin sulfa da ke cikin dizal bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, mu kuwa mun shafe shekaru dokarmu na yarda da har 3,000. Sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Wanda ke sayen gas a jarka a bakin titi kuwa, Allah kaɗai ya san abin da aka gauraya masa. Man juye ma akwai nasa na musamman mai ƙarancin toka, amma da yawa duk wanda ya samu suke zubawa. To ta yaya ba za ta toshe ba? Sabuwa kuma da tsada, mai bas ɗin haya da ke biyan balas kullum ba zai ko saurari farashin ba.

Duk da haka, yanke ta ba gyara ba ne. An kwashe matsalar ne daga aljihun mai mota an zuba ta a ƙirjin mai tallan ruwa a danja, da ɗan adaidaita da ke bayan motar, da jami'in da ke ba hannu a shatale-talen Dangi tun safe. Lokacin hunturu, da hazo ya sauka ya danne garin, iyayen yara masu asma sun fi kowa sanin abin da nake faɗa.

A nan ne maganar takardar lafiyar mota ta shigo, kuma ita ce ta fi ci mini rai. A Birtaniya, tun Fabrairun 2014, motar da aka ƙera da matata kuma aka cire ta ba ta cin gwajin shekara. A 2018 aka ƙara tsanantawa: in an ga hayaƙi ko alamar an tsaga an like, ta faɗi. Da masu wayo suka ƙware wajen ɓoye walda, Beljiyam ta fara saka na'ura a bakin salansa tana ƙirga ƙwayoyin tokar tun Yulin 2022. Ƙasar da muke kiran motocinmu na hannu da sunanta kenan. Mu kuma fa? Mutane da yawa suna sabunta takardu ta hannun ɗan aike, motar na ajiye a gida, ba wanda ya ɗaga bonet balle ya durƙusa ya kalli salansa. Alhali hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, tana da ƙa'idar hayaƙin ababen hawa tun 2011.

Na san za a ce tsofaffin tireloli da tifofin yashi da ba su taɓa samun matata ba sun fi kowa turnuƙe gari. Gaskiya ne, shi ya sa nake ganin a auna hayaƙin da ke fita, kowace mota gwargwadon shekarunta, maimakon farautar tulu kawai. Kuma kada a mayar da shi sabuwar hanyar tare direbobi a titi ana karɓar na goro. A yi gwajin a wuri ɗaya sananne, ranar sabunta takarda, na'ura ta buga sakamako. A fara da motocin gwamnati da na manyan kamfanoni, su da ba su da uzurin rashin kuɗi. Hukumar kula da harkar man fetur, NMDPRA, ta riƙa ɗibar gas a gidajen man Kano tana gwadawa tana bayyana sakamakon, domin ba adalci ba ne a hukunta direba kan matatar da gurɓataccen mai ya kashe. Ƙungiyoyin makanikai kuma a taimaka musu da horo da injin wanke matata, tunda da yawa daga cikin waɗanda ake farfasawa da guduma wanki kawai suke bukata. Yaron garejin da ke share wannan baƙin garin da hannu, ba ko ƙyalle a hancinsa, shi ne na farko da zai amfana.